Tsuntsun da Ya Ari Rigar Shaho

Ranar wata Laraba ce, kwana uku da saukar ruwan farko, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Dawowata ke nan daga makaranta, ko jaka ban sauke ba, na jiyo kazata tana wata irin kyarkyara wadda ba ta ƙwai ba, ta tashin hankali. Na kwasa da gudu zuwa bayan ɗakin girki, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a zaure, sai ga abin da na yi mako biyu ina roƙon Allah Ya nuna mini. Wani tsuntsu ruwan toka ya sarƙe a tsohuwar ragar da muka ɗaura tsakanin zogale da katanga, yana ta fizge-fizge, ragar tana ƙara nannaɗe shi. Bayansa toka, ƙirjinsa fari da zane-zane baƙaƙe a kwance, jelarsa doguwa, idonsa rawaya kamar an ɗiga masa kwaiduwa. Ban tsaya wata-wata ba na kurma ihu, "Na kama shaho! Na kama ɓarawon!" Ina jin har masu kurar ruwa da ke wucewa ta layinmu sai da suka ji ni.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya sa yarinya 'yar shekara tara take murnar kama tsuntsu kamar an ba ta kujerar Makka. Gidanmu a unguwar Manawashi yake a Gombe, gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida, da ɗakuna biyu da Baba ya ba da haya. A danginmu akwai al'ada, idan yaro ya fara hankali sai kakarsa ta ba shi kaza, a ga yadda hannunsa yake da kiwo. Tawa Dada ce ta ba ni, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta, shi ya sa ba ta kirana da komai sai "takwara". Kazar wake-wake ce, gajera, mai faɗa kamar ta ci barkono. Ta kwanta a kan ƙwai goma sha biyu ta ƙyanƙyashe sha ɗaya, ni kuwa tun daga ranar na zama baiwarsu. Da asuba kafin shara ni ce buɗe akurki, ni ce wanke kaskon ruwansu, ni ce roƙon Inna tsakin masara. Ranar da babu makaranta nakan bi ƙawayena bakin kwarin da ke bayan unguwa, mu kife tsohuwar tukunya cike da karmami da kashin shanu a kan shuri, washegari mu kwaso gara. Ƙawayena na 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina tsugune ina kallon 'yan tsaki suna kokawa da gara. Duk na raɗa musu suna, har da wani mai baƙin kai da nake kira Hedimasta saboda yadda yake tafiya.

Sai suka fara ɓacewa. Yau ɗaya, jibi ɗaya, kullum da rana tsaka. Ba wanda ya taɓa ganin ɓarawon da kyau. Abin da kawai ake gani wata inuwa ce ruwan toka ta faɗo ta tashi, kaza ta bi ta da tsalle, shi ke nan. Mama Chinedu, matar mai gyaran rediyon da ke haya a ɗakin kusa da zaure, ta rantse ta gan shi, ta ce kalarsa kalar toka ce, cikinsa da layi-layi. Daga sha ɗaya suka koma shida, Hedimasta ma ya tafi. Na daina cin abinci sosai, na fara guje wa Islamiyya ina fakewa a bayan ɗakin girki da tsinken kara a hannu ina gadi. Da Malama ta aiko tambaya, Inna ta kai maƙura. Ta ce ba za ta zuba ido kaza ta raba ni da karatu ba, idan aka sake ɗaukar ko ɗaya, za ta sa kazar da sauran 'ya'yanta a kwando a kai wa Goggo a Kwami, inda akwai mai tsaron su. Inna kuwa ba ta magana biyu. Baba ne ya tausaya mini, da yake direba ne a hanyar Dadin Kowa, ya karɓo mini yagaggiyar ragar kamun kifi a wurin masunta, muka yi wa 'yan tsakin rumfa da ita.

To wannan ragar ce ta yi kamu. Kafin in ƙifta ido bayan ɗakin girki ya cika. Mama Chinedu ta fito da kumfar wanki a hannu tana cewa, "Shi ne, wallahi shi ne! Ka kashe shi yanzu-yanzu, kada ya gudu!" Haka take ce wa kowa "ka", mace ko namiji, mun gaji da gyara mata mun bari. Inna ta leƙo, ta dube shi, ta ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare, a kashe shi kowa ya huta, kaza ta zauna. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi komai yi mini daɗi. Na ɗauko muciya.

Daga can ƙarƙashin rumfar da take zama muryar Dada ta taso. "Takwara, kawo mini shi tukuna. Ban taɓa sallamar baƙo ban gaisa da shi ba."

Dada a lokacin ta kai shekara shida ba ta gani. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun, sai dai ta bambance rana da inuwa. Kafin haka ta shafe ƙuruciyarta da tsakiyar shekarunta tana sayar da soyayyun zabi da tattabaru da kaji, tun ana cika a tashar jirgin ƙasa, daga baya ta koma bakin Kasuwar Gombe. Ita ke figa da kanta, ba ta yarda wani ya taɓa mata. Maharba ma sukan kawo mata abin da suka samo a daji, fakara ne, hasbiya ce, kirinjijiya ce. Da idon ya tafi sai ta koma kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da tsinkar zogale, kuma mu jikokinta ba ta tambayar ko wane ne. Hannu za ta kama, ta bi yatsu da farce, ta faɗi suna. Mun sha gwada ta, mu yi shiru mu miƙa mata hannun 'yar maƙwabta, sai ta ture ta ce wannan ba ta sha nonon gidan nan ba.

Aka yanke ɓangaren ragar da tsuntsun ke ciki, Inna ta lulluɓe shi da tsumma don kada ya yage ta, aka ɗora mata a cinya. Ta tura hannu ƙarƙashin tsumman a hankali, ta zura wuyansa tsakanin yatsunta biyu, tafin hannunta ya rufe bayansa. Abin da ya fara ba ni mamaki, tsuntsun da yake ta hauka a raga sai ya yi laƙwas. Ta yaye tsumman. Ta fara daga kai, babban yatsanta ya shafi saman idonsa, ya gangaro kan baki, ya bi shi har tsini, ya koma gindi, ya tsaya a kan ƙofar hanci. Ta ɗan buɗe bakin da farce. Daga nan ta sauka ƙirji, ta tura yatsa cikin gashi tana lalubar ƙashi. Sai ta kai ƙafa. Nan ta daɗe. Fuskarta na kallon sama, leɓenta na motsi kamar mai jan carbi.

"Wannan bai taɓa cin naman kowa ba," in ji ta. "Rigar shaho ce a jikinsa, amma aro ya yi."

Na ce ina, ai ga shi nan kowa na gani, ga toka, ga zane, ga ido. Ta yi 'yar dariya ta ce in ajiye muciyar in zo in zauna, in kuma rufe idona, tunda shi ne ya ruɗe ni. Na zauna ina kumbure-kumbure, na rufe. Ta kama yatsana ta ɗora a kan bakin tsuntsun. Ta ce in bi shi, in gaya mata inda ƙugiya take. Na bi, na sake bi, babu ƙugiya. Ɗan siririn baki ne mai ɗan ranƙwasawa kaɗan, ko fatar tumatir da ƙyar zai yaga. Ta ce bakin shaho kuwa lanƙwashe yake kamar lauje, gindinsa da wata fata mai santsi inda hanci yake, saman idonsa kuma da ƙashi da ya turo kamar rumfa, shi ya sa kullum za ka gan shi kamar yana fushi. Ta kai yatsana saman idon wannan, sumul yake, babu rumfa. Hancinsa wani ɗan rami ne kewayayye mai ɗan tudu a baki, kamar bakin tulu da aka ƙanƙanta. Sai ta saukar da hannuna ƙafa. Gajera ce ƙwarai, rabinta a ɓoye cikin gashi, mai laushi, ba ƙarfi. Ta ce in ƙirga yatsu in faɗi inda kowanne ya dosa. Na ƙirga. Biyu gaba, biyu baya. Na ɗauka kuskure na yi, ko raga ce ta karya masa ɗaya, na sake ƙirgawa. Ta sa aka kamo ɗan tsako ɗaya ta ba ni ƙafarsa a ɗaya hannun: uku gaba, ɗaya baya. Ta ce shaho ma uku da ɗaya ne, sai dai ƙafarsa doguwa ce, faratansa kamar allurar ɗinkin buhu da aka lanƙwasa, na bayan ya fi duka, in ya damƙi hannu sai jini. Faratan da ke kan yatsana a lokacin ko susa mai kyau ba za su yi ba.

Ban iya kwatanta abin da na ji ba. Idona a rufe, zuciyar tsuntsun tana bugawa a tafin hannuna da saurin da ban san akwai irinsa ba, jikinsa da zafi kamar mai zazzaɓi, nauyinsa bai kai na ƙullin gishiri ba. Dada ta ware fiffikensa ɗaya a kan yatsuna, dogo mai tsini, gashin a jere ɗaya bisa ɗaya, kowanne ya san wurinsa. Ta hura iska a gefen kansa ta sa na taɓa wani ɗan rami, ta ce kunnensa ke nan. Ni da na yi shekara tara ina cikin kaji ban taɓa sanin tsuntsu na da kunne ba. Na ji tsoron Allah ya kama ni irin wanda ko a Islamiyya ban taɓa ji ba, don na gane ashe duk abin da halitta ke ci da yadda take rayuwa a rubuce yake a jikinta, kuma tsohuwar da muke jagora zuwa bayan gida ita ce mai iya karatun. Da na buɗe ido ta ce a duba jikin zogalen. Aka duba, sai ga gizaka sun yi dandazo a gindin reshe, masu gashin nan da ke sa ƙaiƙayi. Su ya zo ci, raga ta tare shi.

Inna ta ce to, ko ma mene ne, ita dai maganarta na nan. Idan an kashe wannan an ce shi ne ɓarawo, ta yarda magana ta mutu. Idan kuma ba shi ba ne, ɓarawo na nan ke nan, sharaɗinta ma na nan. Na dubi Dada ina jiran ta sa baki, don ita kaɗai ke iya tanƙwara Inna. Ba ta sa ba. Ta miƙo mini tsuntsun ta ce, "Kamunki ne, takwara. Ni dai na gaya miki abin da hannuna ya gani." Na tsaya da shi a hannu ina jin haushin kowa. Da ban taɓa ƙafar nan ba, da tuni na gama da shi na ci tuwona da daɗi. Muciya na nan a ƙasa kusa da ni, kazata na can tana kiran 'ya'yanta shida. Wallahi na so in yi kamar ban ƙirga ba, amma yatsuna sun riga sun sani.

Na karɓi reza a wurin Mama Chinedu na shiga yanke zaren ragar da ya nannaɗe masa fiffike. Ina cikin yi ya yunƙura, rezar ta zame ta tsaga mini babban yatsan hagu, daga gefen farce har gaɓa. Ban ma ji zafi ba sai da na ga jini a kan farin ƙirjinsa. Na buɗe hannu. Ya ɗan yi jim kamar bai yarda ba, sannan ya fyalla, ƙasa-ƙasa, ya haye katanga ya nufi wajen kwari, ya bar mini gashi uku manne da jini. Ko a tashin nasa shaho ne sak, har kazata ta sake yin kururuwa.

Ranar Lahadi da hantsi, su Mama Chinedu sun ci ado za su coci, ina zaune ina ɗaure yatsana da sabon tsumma, shaho na ainihin ya zo. Ta ɓarakar da muka yanke a raga ya shigo. Wannan karon ban dubi riga ba, ƙafa na duba. Dogaye, rawaya, a miƙe gaba kamar hannun mai cafe ƙwallo, suka buɗe suka rufe a kan ɗan tsakona, ko ƙasa bai taɓa ba. Kafin in miƙe ya wuce saman ɗakin girki. Na tsaya baki buɗe, rabina kuka rabina mamaki, don duk abin da Dada ta faɗa haka na gan shi, ita da ba ta gan shi ba. Washegari Inna ta cika alkawarinta. Aka sa wake-wakena da 'ya'yanta biyar a kwando, Baba ya ɗaure a bayan mota. Na yi kuka har muryata ta dushe, na yi kwana biyu ba na gaida Dada. Ita kuwa ko a jikinta, tana ɓarar gyaɗarta, in na gifta ta ce, "Wa ke wucewa da fushi haka, ƙasa na girgiza?"

A rana ta uku na kai mata mataccen ɗan tsuntsun da na tsinta a bakin rijiyar makaranta, a kan wai ina so in kama ta da kuskure. Daga nan aka buɗe wata makaranta a ƙarƙashin rumfa. Duk tsuntsun da za a yanka a gidanmu ko maƙwabta sai ya bi ta hannunmu. Ta nuna mini fatar da ta haɗe yatsun agwagwa, da ƙananan haƙoran gefen bakinta masu kama da mataji, waɗanda take tace ruwa da su. Ta nuna mini taushin hancin tattabara, da ƙahon kan zabo, da yadda ake sanin shekarun zakara daga tsawon ƙaiminsa, da ɗan tsiron gindin jela inda tsuntsu ke ɗiban mai ya shafe gashinsa. Waɗanda ba sa kamuwa kuwa, ni ce idonta. In na ce ga wani shuɗi a kan waya, sai ta ce, "Bar rigar tukuna, gaya mini baki, gaya mini ƙafa, gaya mini jela." In na faɗa daidai ta ce tsanwaka ce, ko cilakowa, ko balbela. Shi dai baƙon nan namu ta ce maharba sun taɓa kawo mata irinsa sau biyu, ba ta riƙe sunansa ba, ta dai san da ruwan farko yake zuwa. Muka bar shi a Mai Aron Riga. Sai da na girma na karanta cewa Turawa kuku suke ce masa saboda kukansa mai gaɓa biyu, kuma ashe shi ma ba waliyyi ba ne, macen a sheƙar wasu tsuntsaye take zuba ƙwanta ta bar musu reno. Na yi dariya ni kaɗai, na ce da Dada ta ji da ta ce ai wanda ya ari riga zai ari ɗaki.

Ba ta ji ba. Ina aji biyar na sakandare ta kwanta ciwon ajali. A kwanakin ƙarshe kunnen ma ya tafi, ba ta gane muryar kowa, har ta Baba. Da aka ɗauko ni daga makarantar kwana na durƙusa gefenta na sa hannuna na hagu a nata. Yatsunta sun bushe sun yi sanyi, amma suka fara aikinsu, ɗaya bayan ɗaya, har suka iso babban yatsa. Suka bi layin nan daga gefen farce zuwa gaɓa, suka koma suka sake bi. Ta ce, "Takwara." Ita ce kalmar ƙarshe da na ji daga bakinta.

Yau gidan Manawashi an shafe tsakar gidansa da siminti, inda zogale yake tankin ruwa ne, kwarin da muke ɗebo gara ya ci gonakin da ke bakinsa, gidaje sun ci sauran. Ni ina unguwar Hammadu Kafi da nawa iyalin, kuma kazar da nake dafawa a leda take zuwa, figaggiya, ba kai ba ƙafa, ba abin da za ta gaya wa kowa. 'Yata in ta ga tsuntsu hoto take ɗauka, waya ta faɗa mata sunansa kafin ya tashi, kuma sau da yawa wayar na yin daidai. Ban raina mata ba, sai dai ba ta taɓa jin zuciyar tsuntsu na bugawa a tafin hannunta ba, ni kuma ban san inda zan samo mata ba. A daminar bara, bayan ruwan farko, na jiyo wani kuka mai gaɓa biyu daga wata bishiya can bayan layinmu. Ban fita dubawa ba. Na tsaya a bakin murhu na rufe ido, sai na tarar ina shafa babban yatsana na hagu. Tabon yana nan, hannun da ke karanta shi ne babu.